Guduma kafin mastik

Ka ce me ya sa za mu shafe rabin yini muna bugun fendar Corollar nan, wato ƙarfen jikinta da ke saman taya, alhali mastik, ƙullun nan da ake shafawa a jikin mota kafin fenti, zai cike lotsawar cikin awa ɗaya. Tambayarka tana kan hanya, ɗana, don masu mota ma haka suke cewa.

Mastik ba ƙarfe ba ne. Aikinsa ya share sawun guduma kawai, kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Ka lafta shi da kauri, motar ta sha ranar Marwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ƙarfe yana buɗewa da rana yana tsukewa da dare, mastik kuwa bai iya bin sa. A ɗora masa jijjigar hanyar Kuseri. Sai ya tsage, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci ta ciki ba wanda ya gani. Mai tasin da ya biya mu da kuɗin cefanensa shi zai kwana a ciki, kuma ba zan yarda hakan ya fita daga garejin nan ba.

Ƙarfen fenda bai kai milimita 1 ba, saboda haka ba ƙarfi yake so ba. Kada ka taɓa farawa daga tsakiyar ramin. Fara daga baki, inda lotsawar ta tsaya, kana zagayawa kana shigowa ciki. Dunƙulen ƙarfe a hannun hagu ya tokare ta baya, guduma tana sauka a hankali a kan tudun da ke gefensa. In ka ji ƙara mai kaifi, to ka matse ƙarfen tsakaninsu, miƙe shi kake yi har ya wuce girmansa, ba gyara shi ba. Kuma rage dogaro da ido: shimfiɗa tsumma, ka bi wurin da tafin hannu, shi ke jin tudu da kwari.

Wurin da ya riga ya miƙe, za ka danna ya shige, ka saki ya dawo kamar murfin gwangwani. Wannan wuta ce maganinsa: ka ɗan gasa wuri ƙarami har ya yi ja, ka bubbuga kewayensa, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya tsuke. Amma tukuna, wuta sai ina tsaye a kanka, kuma sai an cire robar ciki da wayoyin fitila.

In mun kai ga mastik, kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa, don a zafin nan kafin ka gama shafawa ya daskare maka a hannu.