In mata sun samu ƴanci, mu maza me za mu samu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni magidanci ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ina sayar da kayan gyaran babur. Maiɗakina tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tana cikin asusun matan unguwa. Tun da ta shiga na ga ta canza. Ta ce za ta nemi rabonta na gonar mahaifinta da ke hannun yayyenta wajen Madarunfa, sannan ta ƙi yarda a aurar da ƴarmu mai shekara 14, wai sai ta gama kwaleji. A fadarmu abokai suna ce mini wannan ita ce aƙidar ƴancin mata ta Turawa, in na yi sake wata rana ni zan riƙa daka hatsi. Shin daidaiton jinsin nan da ake ta faɗa a rediyo yana da wani amfani ga namiji, ko mu asara kawai za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a kasuwa.

Bari in fara da gonar, don ita ta fi sauƙin warwarewa. Abin da maiɗakinka take nema bai tsallako teku ba. Suratun Nisa'i, aya ta 7, ta ce maza suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, mata ma suna da rabo, ko kaɗan ne ko mai yawa. Aya ta 11 ta yanka: ɗa namiji yana ɗaukar kason mata biyu. Abin da ya daɗe yana raba matan ƙasar Maraɗi da gadon gona al'ada ce. Gandu ba a raba shi, yana hannun maigida. Ita mace ana cewa ai gidan wani za ta, can mijinta zai yanka mata gamana ta noma ɗan wakenta da gyaɗarta.

Tsarin ya yi aiki lokacin da daji yake da faɗi. Yau ka bi hanyar Madarunfa ko Gidan Runji da damina, gona na jikin gona, babu saura. Masu binciken harkar noma da suka zauna a ƙauyukan kudancin jihar nan a farkon shekarun 2000 sun tarar da abu guda yana maimaita kansa: da zarar gona ta yi ƙaranci, gamanar mace ake fara karɓewa. Sau da yawa sai a ce kulle aka yi mata, alhali mai kullen ba shi da hatsin da zai kai su kaka. Matan da suka rasa gamana a gidan miji su suka fara juyawa gidan uba suna neman gado bisa shari'ar Musulunci. Dokar karkara ta 1993 ma ba ta bambanta namiji da mace ba wajen samun ƙasar noma.

To in ta samu gonar, wa zai ci? Gyaɗar da take saye tiya-tiya a kasuwa za ta fito daga gonarta. Damin hatsin zai sauka a gidanka. Masu asara a nan su ne yayyenta, kuma abin da za su rasa dama ba nasu ba ne. Ka ɗan tambayi kanka kuma, Malam, ko akwai wata gona a hannunka da ƙannenka mata suke da rabo a ciki.

Asusun da ka ce ya canza ta, haifaffen jihar Maraɗi ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan ƙauyukan nan da sunan Mata Masu Dubara, a kan adashen da iyayenmu suka sani, kuma daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Mata kamar ashirin ko talatin su haɗu kowane mako a kan tabarma, kowa ta zuba abin da aka yanka, a kulle a akwati, makullan na hannun mata daban-daban don kada ɗaya ta buɗe ita kaɗai. Mai neman jari ta tashi a gaban ƴan'uwanta ta faɗi nawa take so, me za ta yi da shi, yaushe za ta mayar. Macen da ta yi shekara tana wannan dole ta koyi lissafi, ta koyi kare maganarta da hujja. Wannan shi ne canjin da kake gani. Ba a raba lissafin jikkar asusu da lissafin gonar uba, kai ɗaya ne yake yin su.

Kai ɗan kasuwa ne, ba sai na tuna maka watan Agusta na 2019 ba, da Najeriya ta rufe iyaka har Disambar 2020, ko takunkumin da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023. Hanyar Ɗan Isa ta mutu, kaya suka yi tsada, masu shago suna hamma. A gidaje da yawa na garin nan tukunyar awara da kaskon ƙosai da kwanon zogale su suka riƙe yara har kasuwa ta farfaɗo. Mazan ba su faɗi a fada ba, amma sun sani.

Nan ne amsar tambayarka take, a ganina. Tsarin da ya ce mace ba ta da aiki sai ɗaki, shi ne kuma ya ce namiji ba shi da daraja sai aljihu. Tun kafin aure ake ɗora masa: sadaki, akwati, ɗaki, hidimar biki. Bayan aure cefane, haya, magani, ragon suna, ragon layya, ga iyaye, ga ƙanne. Ba a yarda ya ce ya gaza ba. Saurayin da bai tara ba sai ya hau kabu-kabu daga asuba zuwa dare, ko ya tafi bida Najeriya, ko Libiya, ko ramin zinarin Jado da aka ruga tun 2014, wasu ba su dawo ba. Magidanci kuma ya haɗiye damuwa har hawan jini ya kayar da shi, ko ya huce a kan matar da saki. Masu tunani mai zurfi a cikin masu rajin ƴancin mata sun daɗe da lura cewa wannan nauyin da na matan tushensu ɗaya. Gidan da mutum biyu suke nema, kuma kowa ya san halin da ake ciki, mijin yana iya yin jinyar mako biyu ba tare da an sayar da katifa ba.

Batun ƴarku ya fi na gona nauyi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuma adadin ya kai wajen kashi 89. Dokar farar hula ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, sannan a Disambar 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke makaranta. Amma ka ajiye takarda gefe, ka dubi jiki. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, in naƙuda ta yi tsawo kan jariri ya danne mafitsara, naman wurin ya mutu, sai yoyon fitsari. Ba nisa za ka je ka gani ba, a Danja akwai cibiyar da ake yi wa irin waɗannan mata aiki. Da yawansu miji ya gudu. Gidan wa suke komawa? Gidan uba. Ko da Allah ya kiyaye wannan, yarinyar da aka cire daga aji ba sana'a ba takarda, in auren ya mutu kai za ta dawo wa da goyo, ka ciyar da ita ka ciyar da jika.

Ga wani abin da kan ba ni mamaki. Namijin da zai rantse likita namiji ba zai duba iyalinsa ba, shi ne kuma zai cire ƴarsa daga makaranta. Ungozomar asibiti da malamar ajin ƴan mata ba daga sama suke faɗowa ba, ƴaƴan wasu ne da iyayensu suka yi haƙuri suka bar su suka gama. A jihar Damagaram an fara abin da ake kira makarantar mazaje tare da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta masu mutunci suke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su ja hankalin ƴan'uwansu. An yi haka ne don an gane cewa izinin fita da kuɗin mota a hannun miji suke, wa'azi ga mata su kaɗai ba ya kai mai naƙuda asibiti.

Abokanka na fada ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma ba zan rufe maka ba. Gwagwarmayar matan Turai ta taso ne daga nasu ciwon. A Faransa sai 1944 mace ta samu damar jefa ƙuri'a, sai 1965 matar aure ta iya buɗe ajiya a banki ko kama aiki ba da izinin miji ba. Ita kuwa Bahaushiya Musulma tuntuni akuyarta tata ce, kuɗin sana'arta nata ne, miji ba ya taɓawa sai da yardarta. Aƙidar tasu ma ba ɗaya ba ce, akwai rassa, wasu buƙatunsu sun ci karo da addininmu kai tsaye. Shi ya sa Nijar ta amince da CEDAW, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci, a 1999 amma ta keɓe wasu sassa da suka shafi aure da iyali, kundin dokar iyali ya gamu da adawar ƙungiyoyin addini a 1994 bai wuce ba, majalisa kuma ta ƙi yarjejeniyar Maputo, ta Tarayyar Afirka a kan haƙƙin mata, a 2006. Ni ina ganin masu kawo waɗannan takardu sun yi gaggawa, sun zo da rubutu a shirye maimakon su fara zama da malamai a kan haƙƙoƙin da shari'a ta riga ta bai wa mace ake danne mata: gado, sadaki, neman yardarta a aure, ciyarwa, hul'i. Haka wasu ayyukan raya karkara, su tara mata su raba awaki, mazan na tsaye bakin zaure ba wanda ya ce musu uffan. Wannan yana haifar da ƙiyayya a cikin gida.

Sai dai matan Nijar suna da tasu gwagwarmayar. Ranar 13 ga Mayu 1991 suka fito a Yamai saboda kwamitin shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tak aka sa a ciki, kuma aka ƙara musu kujeru. Ita ce ranar da ake bikin matan Nijar kowace shekara. Dokar kaso ta 2000 ta ware wa kowane jinsi, mata ko maza, aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da 25 na naɗi, a 2019 aka kai su 25 da 30. Majalisar 1999 mace ɗaya ce cikin 83, ta 2004 mata 14 cikin 113. Amfanin wannan ya fi tsayawa ga ƴan boko na birni, mai dakan gyaɗa ba ta gani a kwanonta ba. Kafin duk wannan kuma, fadar Maraɗi tana da Iya, ta Gobir a Tsibiri tana da Inna, mata masu faɗa a ji a tsakiyar sarauta.

Ko akwai abin da za ka rasa? Akwai. Za ka rasa yanke hukunci kai kaɗai ba a ce maka don me ba. Macen da take da jarinta tana tambaya, tana ƙin abin da ba ta gamsu da shi ba, kuma ba ta zama a kan wulaƙanci don tsoron yunwa. Wasu mazan wannan yana yi musu ciwo sosai. Shugabancin gida da aya ta 34 ta Nisa'i ta ba ka yana nan, amma ayar da kanta ta ɗaure shi da ciyarwa.

Haɗarin da na fi ji wa gidanka tsoro ma ta ɗaya ɓangaren yake, kuma ina yawan ganinsa. Mace ta fara samu, sai miji ya fara janye hannu. Yau ya bar mata kuɗin miya, gobe sabulu, jibi littafin yara da maganin zazzaɓi, shi kuma rarar da ya samu ya fara zancen ƙara aure. Ita ta tashi da asuba ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli, sannan girki da wanki da raino ba wanda ya rage mata. Irin wannan ba daidaito ba ne, an ninka mata kaya ne kawai. Game da dakan hatsi, ka gaya wa abokanka injin niƙa ya daɗe da zuwa Maraɗi. Kuma an tambayi Nana A'isha abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Ga abin da nake ba ka shawara. Maganar gona kada ka shige gaba, don kada yayyenta su ce suruki ne ke kwaɗayin ƙasarsu. Ta fara ta hannun kawu ko baffanta, a kira malamin da ya san rabon gado. In an daidaita, a je wurin mai gari da kwamitin filaye na ƙauyen a rubuta takarda da sunanta, don gadon baki yana mutuwa tare da shaidu. In ba za ta iya nomawa daga Maraɗi ba, tana iya barin gonar a hannun yayanta bisa yarjejeniyar abin da zai riƙa kawo mata da kaka, zumunci bai ɓaci ba. Manemin ƴarku a ba shi haƙuri cikin mutunci, a ce yarinya tana karatu, ku kuma tambaye ta ita ma abin da take so. Sannan ku zauna kai da maiɗakinka ku fayyace kuɗi: abin da yake wajibinka ka ci gaba da yi, abin da ta sa daga nata kyauta ce, in rance ka karɓa ka faɗi ranar biya tun kafin zubin asusu ya zagayo.