Ɗana ya maida korona abin wasa a waya

Tambaya (lokacin kullen korona, 2020): Salam Anti, don Allah ki bani shawara. Ɗana shekararsa 21, tunda aka rufe makarantu yake gida, safe da dare yana kan waya yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, jiya har ya turo bidiyon mutanen Ghana ɗinnan masu rawa da akwatin gawa a gurup ɗin dangi na WhatsApp, ya rubuta wai "wanda ya fita ba takunkumi". Wlh raina ya ɓaci, mutane na mutuwa shi yana wasa. Anya zuciyarsa bata bushe ba?
Maman yara, Kubwa, Abuja

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Ni dai banga bushewar zuciya ba, tsoro na gani. Ki duba fa, tun 30 ga Maris 2020 aka kulle Abuja da Legas, ga ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na yajin aiki, ba Juma'a, ba majalisar abokai, ba gidan kallon ƙwallo, sannan kullum dare hukumar yaƙi da cututtuka NCDC ta saki sabbin alƙaluman masu korona yaro na kwance yana kallonsu suna hawa, baida wanda zai cewa "ina tsoro" dan samari basa faɗin haka, sai ya tura hoton barkwanci abokinsa ya maido masa da wani, a haka suke gaisawa su san kowa na nan lafiya. Ƙanina ma haka yake, ranar da aka sanar da rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, 18 ga Afrilu, na ganshi ya kifa wayar a kan kujera yayi shiru har isha.

Abinda zaki sa wa ido shine wasan da ke ɗauke da ƙarya, irin "korona ciwon masu kuɗi ne" ko "zafin ranarmu na kasheta". Ana dariya ana turawa har wani ya ɗauka gaskiya ne. Kin tuna wankan ruwan gishiri lokacin Ebola a 2014? Ta waya ya yaɗu cikin dare ɗaya, wasu har suka sha suka ƙare a asibiti.

Gurup ɗin dangi kam yayi kuskure, akwai manya, ƙila akwai wanda ke cikin zaman makoki. Kar ki masa faɗa a gurup ɗin. Bayan shan ruwa ki kirashi gefe, kice ya nuna miki abinda ke bashi dariya, ki kalla tare dashi, sannan ki sa ya goge bidiyon ya baiwa manya haƙuri.