Scorch da burn, ina bambancinsu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ci karo da kalmar scorch a wani rubutu, ƙamus ya ce min "ƙona", to ai burn ma ƙona ne, ina bambancin yake?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, bambanci akwai shi sosai. Burn ita ce uwa, kowace irin ƙuna tana shiga ciki, ko abu ya zama toka. Ita kuwa scorch zafi ne ya taɓa saman abu kawai, ya canja masa launi amma bai cinye shi ba. Ka ɗauki mai guga da ya bar dutsen guga kan farar shadda ya juya yana amsa waya, ya dawo ya tarar da shatin dutsen ja-ja a gaban riga, ƙauri na tashi, rigar tana nan ba ta huje ba amma fa ta gama shiga taro, to Bature zai ce "the iron scorched the shirt". Haka in rana ta dafa ganyen masara gefensa ya bushe ya yi ja, scorch ne, ba sai da wuta ba.

Daga nan ne suke cewa scorching ga rana mai ƙuna irin ta watan Afrilu, 'yan Ingila kuma su kira ranar scorcher, har shot mai ƙarfi a ƙwallo suna kiransa haka.

Inda ɗalibai ke rikicewa shi ne scorched earth, don a nan ɓarnar ba ƙarama ba ce. Dabarar yaƙi ce, sojoji suna ja da baya suna ƙone gonaki da rumbuna don kada abokan gaba su samu abin ci, kamar yadda Rasha ta yi wa Napoleon sarkin Faransa a 1812, Stalin shugaban Tarayyar Soviet ma ya ba da irin wannan umarni a 1941 da Jamus ta shigo ƙasarsa. Duk abin da ke doron ƙasa ya tafi, ƙasar ce kawai ta saura, kuma talakan ƙauye ne ke kwana da yunwar, abin ba daɗin ji wallahi.

Sai ka kiyaye da singe, ita ce babbaka, irin wadda ake yi wa kai da ƙafa ranar Layya gashi ya ƙone fata ta saura. Gashi ko gashin tsuntsu singe ake cewa, tufafi da ganye da ciyawa kuma scorch ta fi zama daidai.