Amsa: Sai na koma Kano kafin ɗaukar hoto ya riƙe ni?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko sai ka bar Katsina ka koma Kano kafin sana'ar hoto ta riƙe ka. A'a, zauna gida. Aiki na nan: bukukuwan aure, hawan sallah a Ƙofar Soro, Sallar Gani a Daura, ga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa masu kammala karatu.

Amma da sharaɗi. Ranar kamu ko wuni, kada ka ɗora hoton amarya da ƙawayenta a Facebook sai da izinin gidan. Na ga mai kyamara mai tsada da aka daina kira saboda wannan, alhali yaro mai aiki da waya ba ya rasa biki, don iyaye mata ne ke ba juna lambarsa.