Tambaya da Amsa: Wannan "Ruwan Bagaja" bugun farko ne?

TAMBAYA: Malam, a cikin akwatin littattafan marigayi mahaifina na sami wani tsohon kwafin "Ruwan Bagaja" na Alhaji Abubakar Imam. Takardunsa sun yi ja, a jikinsa akwai sunan Northern Nigerian Publishing Company, Zariya, kuma an rubuta kuɗinsa da sule. Shin bugun farko ne, kuma yana da wata daraja? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa aljanna ce makomarsa. Malam, bisa ga abin da ka bayyana, littafin da ke hannunka tsoho ne, amma ba bugun farko ba ne, kuma sunan kamfanin da ka ambata shi ne ya raba gardama.

Littafin ya samo asali ne daga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dakta Rupert East, gasar da ta haifar da "Ganɗoki" da "Shaihu Umar", aka kuma buga shi a 1934. A wancan lokaci ba a ma kafa Kamfanin Gaskiya ba, domin sai a 1945 ya zo, hukumar NORLA, wato hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta biyo baya a shekarun 1950, shi kuwa kamfanin Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) da ka gani sai a 1966 aka kafa shi. Saboda haka duk kwafin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye uku sake bugu ne, komai jan takardarsa. Jan takarda ba hujja ba ne, domin zafi da ƙura da rashin ingancin takarda kan tsofar da littafi cikin 'yan shekaru.

Sulen da ka gani kuwa ya taimake mu ta ɗaya ɓangaren. Nijeriya ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, don haka kwafinka ya fito ne tsakanin 1966 da 1972, wato ya haura shekara hamsin. Ka buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, inda masu ɗab'i kan jera shekarun bugu da ƙananan haruffa, ka dubi shekarar ƙarshe a jerin, domin ita ce ta kwafinka. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ga shekarar farko su ɗauka ita ce tasu. Haka kuma lambar nan ta ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ba ta yaɗu ba sai daga 1970, don haka ganinta a jikin littafi na nufin bai girmi wannan lokaci ba.

Game da daraja, ina roƙonka kada ka yi gaggawar sayar da shi. Littattafan nan 'yan makaranta ne suka yi ta karɓa hannu da hannu har suka yayyage, sauran kuma gara da ruwan damina suka cinye, shi ya sa ko bugun shekarun 1960 da ya tsira da bangonsa da cikakkun shafukansa abin riƙewa ne. Kada ka manna masa salatif, kada ka kai a sake masa bango ko a datse gefensa, domin masu tara littattafai sun fi son sa yadda ya fito, ko da ya ɗan tsufa. Idan Baba ya rubuta sunansa da shekara a ciki, ka bar shi, shaida ce. Ka sa shi cikin ambulan mai tsabta, ka ajiye a wuri busasshe nesa da ƙasa. Idan kana son ƙarin tabbaci, ka kai shi Gidan Arewa da ke Kaduna ko Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ma'aikatan da suka saba da tsofaffin bugu su duba maka.