Akwatin kifin ruwan gishiri a Abuja: fara da naka kafin na kwastoma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kifin ado na ruwan daɗi da akwatunan gilashi a Wuse. Wani kwastomana na Maitama ya ga akwatin ruwan gishiri mai murjani mai rai (wata halittar teku mai manne wa duwatsu) a Dubai, ya ce in haɗa masa ƙarami a falonsa, ko nawa ne zai biya. Ban taɓa yi ba. Ina da naira miliyan biyu a ajiye. In karɓi aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka karɓi kuɗinsa yanzu. Ka ce ya ba ka wata shida, ka haɗa na farko a shagonka da kuɗinka. In murjani ya mutu a shago, kuɗi kaɗai ka rasa. In ya mutu a falon mutumin Maitama, har da shi da abokansa duk sun tafi.

Kafin gilashi da kifi, wuta za ka fara saya. Akwatin murjani ba ya son famfonsa ya tsaya. In ruwa ya kwanta na 'yan sa'o'i iskar da ke cikinsa ta ragu, kifi ya fara haki. Janareta ba ya wadatarwa, don ƙarfe ukun dare ba wanda zai tashi ya ja shi. Sai inbata da batir, da sola in da hali. Ga kuma zafi. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26, kuma ka san Abuja a Maris da Afrilu. Ko dai ɗakin ya kwana da esi, ko ka sa injin sanyaya ruwa. Da a Jos kake, da hita zan ce ka nema saboda daren hunturu. Yi lissafi: a ce fitila da famfuna da injin sanyi suna jan wat 150 dare da rana, yunit 108 ke nan a wata. Tun Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A sama da naira 200 kowane yunit, ka ga ya haura dubu ashirin, kafin ka sayi abincin kifi ko ƙwaya ɗaya.

Batun ƙarami kuwa, nan masu farawa ke ruɗuwa. Ƙaramin akwati ya fi babba wahalar riƙo, kamar ƙaramar tukunya ce a kan wuta, nan da nan ta tafasa. Lita 30 tana canza zafi da gishiri cikin yini guda. Ni dai ba zan sa ka fara da ƙasa da lita 100 ba.

Gishirin ba na miya ba ne. Na musamman ne da ake shigo da shi, mai kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Ana zuba kimanin giram 35 a kowace lita, wato lita 100 za ta ci kilo uku da rabi, kuma ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya wajen 1.025. Sayi rifiraktomita, abin auna gishirin ruwa, ƙaramin abu ne mai kama da tocilan, ka ɗiga ruwa a kan gilashinsa ka leƙa ta ɗaya bakin. Ruwan burtsatse da na pampo ba su shiga sai sun bi ta matatar RO/DI, wadda ke cire sinadaran da ke narke a ruwa, in ba haka ba gansakuka ta lulluɓe maka duwatsu. Kowane mako a canza kashi 10 cikin 100. Sannan ka ja kunnen yaron shagonka: ruwan da ya ragu don tururi, da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, domin gishirin bai je ko'ina ba. Da hunturun Abuja raguwar tana da sauri.

Bayan ka zuba ruwa da yashi da duwatsu, za ka zauna mako huɗu zuwa shida kana kallon akwati ba kifi, har bakteriyar da ke narkar da ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta kafu. Masu wucewa za su yi ta tambaya ina kifin. Ka bar su. Sai gwaji ya nuna ammoniya da naitirayit (gubar da ammoniyar ke rikiɗewa ta zama) sun koma sifili, sannan ka sa ɗan kifin nan ruwan lemo mai ratsin fari da 'yan kasuwar ke kira kilawun, guda biyu, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona. Murjani ka fara da mai laushi, irin mai kama da naman kaza. Akwai wani iri, zowantid, mai kyau da sauƙin riƙo, amma wasunsa na da guba mai tsanani, don haka safar hannu dole ce.

Gaɓar tekunmu ba ta da irin wannan murjani, lakar manyan koguna ba ta barin sa. Daga ƙasashe irin su Indunusiya yake zuwa, a jirgin sama, da farashin dala, kuma wani kan mutu a hanya. Murjani mai tauri yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, sai da takardar izini, ga kuma binciken NAQS, hukumar da ke duba dabbobi da tsirran da ake shigowa da su ƙasa. Kada ka yi odar waje da kanka a karon farko. Nemi dillali a Legas mai takardunsa, ku yi magana a rubuce kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya iso a mace.

Ribar wannan harka ba a haɗa akwati take ba, tana wajen kulawa. Mai falo a Maitama ko Asokoro ba zai gauraya gishiri ranar Asabar ba. Kai za ka riƙa zuwa duk mako da jarkar ruwanka da kayan gwaji, ya biya ka a wata. Gida biyar irin wannan sun fi maka sayar da akwati ɗaya a shekara. A yarjejeniyar ka rubuta cewa in wutar gidansa ta ɗauke ba inbata, asarar tasa ce.

Miliyan biyun kada ka kashe duka. Ware kashi ɗaya cikin uku ka ajiye don gishiri, wuta da maye gurbin abin da zai mutu. In sauran bai isa wuta da matata da akwatin ba bayan ka ji farashi daga dillalai biyu ko uku, ka jinkirta murjanin, ka fara da kifi da duwatsu kawai.