Patrick Stewart: me ya kai gwanin dandamali kujerar kyaftin ɗin kumbo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni a finafinan X-Men na san Patrick Stewart, dattijon nan mai sanƙo da ke zaune a keken guragu. Kwanan nan wani abokina ya ce mini asalinsa ɗan wasan dandamali ne a Ingila, kuma wani shirin talabijin na 'yan sama jannati ne ya fito da shi duniya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ya goge a wasannin Shakespeare, me zai kai shi shirin kumbo da halittun wasu duniyoyi? Wannan ba ci baya ba ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya. Shirin da yake nufi shi ne Star Trek: The Next Generation, wanda aka haska a Amurka daga 1987 zuwa 1994, zango 7, kashi 178. Stewart ne ya fito a matsayin Jean-Luc Picard, kyaftin ɗin kumbon da ake kira Enterprise. Batun ci baya kuwa, a nan ne ban yarda da kai ba. A ganina dandamalin ne ya riƙe shirin, kuma da wani aka ɗora a kujerar nan wanda bai sha wannan horon ba, da wuya a ce har yau ana maganarsa.

An haife shi ranar 13 ga Yuli, 1940, a Mirfield, wani ƙaramin gari a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila. Gidan talakawa ne. Mahaifiyarsa Gladys a masaƙa take aiki, mahaifinsa Alfred kuma sajan-manjo ne a soja. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya shiga aikin jarida a wata jaridar yankinsu, amma hankalinsa yana wurin wasan kwaikwayo, har editan ya ce masa ya zaɓi ɗaya. Ya ajiye alƙalami, ya yi ɗan zama a shagon kayan ɗaki yana tara kuɗi, daga nan ya samu shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Bristol Old Vic. Gashin kansa ya zube tun yana ɗan shekara 19. A 1966 ya shiga ƙungiyar Royal Shakespeare Company, ya zauna da su har farkon shekarun 1980. Ya ɗan leƙa talabijin na BBC, kamar fitowarsa a matsayin Sejanus a I, Claudius a 1976, ya kuma fito a fim ɗin Dune na 1984. Duk da haka, a Amurka ba a san shi ba.

Yadda ya samu aikin ma labari ne. Wani furodusan shirin, Robert Justman, ya je sauraron wata lacca a jami'ar UCLA da ke Los Angeles, inda Stewart yake taimaka wa malamin da karanta sassan wasanni. Da jin muryarsa ya ce ya ga kyaftin. Amma Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek tun 1966, ya ƙi. Shi a ransa Picard Bafaranshe ne mai cikar gashi, ga shi an kawo masa Baturen Ingila mai sanƙo. Sai da aka aiko da hular gashi daga Landan ya sa a wurin gwaji, kafin daga baya a yarda ya fito da kansa yadda yake. Shi ma Stewart bai sa rai shirin zai je ko'ina ba. Ya sa hannu a kwantiragin shekara 6 saboda an ce masa abin ba zai wuce zango ɗaya ba, ya yi makonni bai ko kwance akwatinsa ba.

To, me dandamali ya ba shi? Ka ɗauki hoton wurin da ake ɗaukar shirin. Ɗan wasa yana tsaye gaban allon da babu komai a kansa, sai daga baya masu haɗa hoto su dasa kumbon abokan gaba a ciki. An ba shi kalmomin kimiyya na ƙirƙira, waɗanda babu su a duniya, an ce ya furta su kamar rayukan mutum dubu sun rataya a kansu. Wanda ya saba da fim kawai, inda mota mota ce, bindiga bindiga ce, yakan daburce a nan, ko ya yi wasa da abin. Wanda ya shekara goma sha yana tsayawa a kan katako tsirara yana sa mutane su ga fagen yaƙi da bakinsa kaɗai, yana furta Turancin shekara 400 da suka wuce har mai sauraro ya ji kamar hirar yau ce, shi wannan aikin gidansa ne. Stewart da kansa ya sha faɗa cewa sarakunan da ya yi ta fitowa a matsayinsu ne suka koya masa zama a kujerar kyaftin. Dubi yadda yake zama, yadda yake jan rigarsa ƙasa in ya miƙe, yadda yake ba da umarni ba tare da ɗaga murya ba. Picard shugaba ne da ya fi cin nasara da magana a kan harbi, marubutan shirin kuma da suka gane irin bakin da suka samu, sai suka riƙa rubuta masa dogayen jawabai.

Akwai kashi ɗaya da nake so ka nema, "Chain of Command", na ƙarshen 1992. An kama Picard, an tuɓe shi, an rataye shi ta hannu. Mai azabtar da shi, wanda David Warner ya fito a matsayinsa, ya kunna fitilu huɗu a bayansa, ya ce sai ya yarda biyar ne. A wuraren azabar nan, ɗaki ɗaya ne, mutum biyu, babu harbi, babu gudun kumbo. Stewart ya daɗe yana goyon bayan ƙungiyar Amnesty International, kuma ya kalli bayanan waɗanda aka azabtar kafin ɗaukar wannan kashin. Abin da ya fi taɓa ni ba ihun da ya yi ba ne na cewa fitilu huɗu ne a lokacin da aka zo sakinsa. Bayan ya koma kumbo, ya zauna da mai ba su shawara, ya sassauta murya ya gaya mata cewa a ƙarshe ya fara ganin fitilu biyar da gaske. Duk lokacin da na kalli wurin nan sai jikina ya yi sanyi, domin na san inda mutumin ya fito. Stewart ya bayyana wa duniya cewa mahaifinsa yana dukan mahaifiyarsa lokacin yana yaro, yana ji yana gani. Sai a 2012, a wani shirin BBC na binciken asali, ya gano cewa uban ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da ciwon firgicin yaƙi da ba a taɓa yi masa magani ba. Shi ya sa yake tallafa wa Refuge, ƙungiyar kare matan da ake cin zarafinsu a gida, da Combat Stress mai kula da tsofaffin sojoji.

Amma tsoron da ke cikin tambayarka yana da tushe. Irin wannan shirin yakan haɗiye ɗan wasa, a daina ganinsa sai da rigar nan. Stewart ya ba da labarin wani darakta da ya ƙi ɗaukarsa don ba ya son Picard a fim ɗinsa. Maganin da ya yi wa abin shi ne bai saki dandamali ba. Ana tsakiyar Star Trek, a 1991, ya kai A Christmas Carol na Charles Dickens dandamalin Broadway a New York, shi kaɗai yana fitowa a matsayin mutum fiye da 30. Bayan finafinan Star Trek guda 4 tsakanin 1994 da 2002, da X-Men da ya fara a 2000, ya koma Ingila ya yi Macbeth a 2007, ya yi Waiting for Godot tare da amininsa Ian McKellen a 2009. A 2010 Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarautar Sir. Ya sake komawa rigar Picard daga 2020 zuwa 2023, yana kusa da shekara 80 lokacin da ya fara.

In za ka gwada da idonka, kada ka fara da zangon farko, shirin bai gama tsayawa da ƙafarsa ba a lokacin. Fara da "The Inner Light" na 1992, inda Picard ya rayu shekaru masu yawa a wata duniya, da mata da 'ya'ya, cikin kusan minti 25, ya farka babu abin da ya rage masa sai sarewa ɗaya. Daga nan ka wuce wa fitilun.